"Da Sauƙi" da Maki Goma Sha Ɗaya: Ƙarar Wani Dattijo Kan Tallafin Naƙasa a Ingila

Wasiƙar hukuma kan neman tallafin naƙasa da 'yar dattijon ta miƙo mini doguwa ce, amma abin da ke cikinta bai wuce layi biyu ba: maki 4 a ɓangaren hidimar kai ta yau da kullum, maki 4 a ɓangaren tafiya, don haka ko sisi ba za a ba shi ba. Wanda aka aiko wa wasiƙar dattijo ne Bahaushe ɗan shekara 58, ya yi shekara ashirin da ɗoriya a wani gari na arewacin Ingila yana tuƙin motar raba kaya, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi da asuba, aka kwashe shi zuwa asibiti, likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ɓarin hagu ta taɓa. Magana ta dawo, hankali garau, amma hannun bai koma daidai ba, ƙafar kuma janta yake yi. Malam muke ce masa, a nan ma haka zan kira shi.

Ni ba lauya ba ne. Ina cikin waɗanda ke zama a ƙarshen mako suna taya mutanenmu cike takardu kyauta. Tun Afrilun 2013 gwamnati ta daina biyan kuɗin lauya ga yawancin masu irin wannan ƙara a matakin farko a Ingila da Wales, shi ya sa aikin ya koma hannun ƙungiyoyin ba da shawara irin su Citizens Advice da 'yan sa-kai kamarmu. Doka kuwa ba ta ce sai lauya ne zai raka mutum ba.

Tallafin da Malam ya nema shi ne wanda ake kira PIP a taƙaice. An fito da shi a 2013 don ya maye gurbin tsohon alawus na naƙasa ga waɗanda suka kai shekara 16 amma ba su kai shekarun fansho ba, ma'aikatar ayyuka da fansho ce ke biya. Ba a duba albashin mutum ko ajiyarsa, mai aiki ma yana iya karɓa. Wanda izinin zamansa ya hana shi taɓa kuɗin gwamnati ba ya ciki, amma Malam ya daɗe da samun izinin dindindin. Abin da mutane suka fi kasa ganewa shi ne, sunan ciwo ba ya kawo kuɗi. Ayyuka goma sha biyu ake aunawa: goma na hidimar kai, irin su girki da cin abinci da wanka da sa tufa da shiga banɗaki, biyu na zirga-zirga. Kowane aiki da makinsa. Maki 8 a ɓangare ɗaya ya ba ka ƙaramin matakin kuɗi, maki 12 babban mataki, kuma ba a haɗa makin wannan ɓangare da na wancan. Shi ya sa huɗu da huɗun Malam ba su zama takwas ba.

A cikin dokar akwai sharaɗin da shi ne ƙashin bayan wannan ƙara gaba ɗaya. Ba a cewa mutum yana iya wani aiki sai in yana yin sa ba tare da haɗari ba, yana yin sa yadda ya kamata, yana iya maimaitawa duk lokacin da buƙata ta taso, kuma ba ya ɗaukar fiye da ninki biyu na lokacin da mai lafiya zai ɗauka. Sannan ranakun da suka fi rabi ake dubawa, ranar da jiki ya yi daɗi ita kaɗai ba ta isa hujja ba.

Inda aka fara ɓata rawa

Da na nemi rahoton jami'ar da ta tantance shi kafin a ba shi makin, na zauna na karanta, sai na ga ba a ƙaga wa Malam ƙarya ba. Maganarsa aka rubuta. Ta waya aka yi tantancewar, da Turanci, shi kaɗai a falo domin ya ce kada a wahalar da kowa. Aka tambaye shi yaya jiki, ya ce yana samun sauƙi, godiya ta tabbata ga Allah. Aka rubuta cewa yana murmurewa. Aka ce yana dafa abinci? Ya ce yakan haɗa shayi. Aka rubuta cewa yana iya girki in ya samu kujerar jingina. Aka ce yana fita? Ya ce ba ya fashin Juma'a. Tafiyar minti nawa yake iya yi? Ya ce biyu ko uku. Daga nan aka lissafa cewa yana wuce mita 50, aka ba shi maki 4. Da aka zo kan banɗaki, ya ce babu matsala, aka wuce.

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a ƙasar Hausa ya san amsar. Ko mutum na kan gargara, in ka ce yaya jiki, "da sauƙi" zai ce. Gaisuwa ce, kuma tawakkali ne, babu wanda ke ɗaukarta a matsayin bayanin likita. Amma wadda ke can ƙarshen waya da fom a gabanta ba ta san haka ba, kuma ba ta gan shi ba. Ba ta ga cewa shayin nan maiɗakinsa ce ke ɗora ruwan ta juye masa ba, shi sukari kawai yake zubawa. Ba ta san maƙwabci ne ke ɗaukarsa a mota ran Juma'a ya ajiye shi a bakin ƙofar masallaci ba, a kan kujera yake salla. Minti ukun nan kuwa, da tsayawa biyu a ciki.

Kafin a je kotu dole sai an nemi ma'aikatar ta sake duba hukuncinta, cikin wata ɗaya daga ranar da ke jikin wasiƙa. 'Yarsa ta yi wannan kafin ta zo wurina. Ta rubuta shafi biyu cikin ɓacin rai, ta ce mahaifinta ya biya haraji shekara ashirin, ta ce wannan rashin imani ne. Gaskiya ta faɗa, sai dai babu maki a cikinta. Amsa ta dawo ba a canza komai ba, kamar yadda yawancin irin waɗannan amsoshi ke dawowa. A nan ne mutane da yawa ke saduda, alhali alƙaluman da gwamnati ke fitarwa da kanta sun daɗe suna nuna cewa fiye da rabin ƙararrakin PIP da aka saurara a kotu, mai ƙara ne ke yin nasara.

Malam ma saduda ya so yi. "Ɗana, a bar wa Allah. Ni ban taɓa kai ƙarar kowa ba, sai yanzu da tsufana in kai ƙarar hukuma?" Na ce, "Baba, ba faɗa za ka yi da kowa ba. Mutum uku ne da ba sa ƙarƙashin ma'aikatar nan za su zauna su saurare ka daga farko, kuma ba a biyan ko kwabo." Abin da ya karya masa gardama, ina jin, maiɗakinsa ce da ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, bayana fa ya gaji."

Waya ko gaba da gaba

Fom ɗin ɗaukaka ƙara, SSCS1, shi ma wata ɗaya ake da shi daga ranar amsa ta biyu, ko da yake in akwai dalili mai ƙarfi ana iya karɓar wanda ya makara har zuwa wata 13 daga ranar wannan amsa. A ciki ana tambaya ko mutum yana so ya halarci zaman, ko kuwa a yanke hukunci da takardu kaɗai. Wannan ta biyun ban taɓa ba wa kowa shawararta ba, a shari'ar Malam kuwa da kashe kai ne, tunda takardun su ne suka kayar da shi. Saura zaɓi tsakanin waya da bidiyo da zuwa da ƙafa. Kafin annobar korona a 2020 kusan kowa zuwa yake yi. Daga lokacin aka koma waya, bayan annoba kuma wayar ta zauna. Mai ƙara yana faɗin abin da yake so, kotu ce ke da magana ta ƙarshe.

'Yarsa waya ta so, kuma hujjojinta ba na banza ba ne. Hunturu ne, kotun tana tsakiyar gari, sai an ɗauki tasi, ga zaman jira, ga mahaifinta da in ya wahala yau gobe ba ya moruwa. A gida kuwa yana kan kujerarsa, banɗaki na kusa. Akwai mutanen da na raka waɗanda waya ce ta cece su: wata mai ciwon fargaba da in ta shiga ɗaki da baƙi bakinta ke mutuwa, ta waya ta yi bayani tiryan-tiryan. Akwai kuma tsoron da ba a cika faɗa ba, cewa in ka iya zuwa kotu za a ce ai ga shi ka iya tafiya. Ana iya tambayarka yadda ka zo, wannan gaskiya ne, amma amsar tana iya zama hujja a gare ka.

Ni dai na tsaya a kan ya je. Waya ta riga ta cuce shi sau ɗaya, kuma dalilin bai gushe ba: muryar Malam lafiyayya ce, mai nutsuwa, irin ta mutumin da ya saba ba wasu haƙuri. Wanda ya ji shi a waya ba zai taɓa kawo hannun nan da ke kwance a cinya a ransa ba. Likitan kotu ba shi da izinin duba jikin mai ƙarar PIP, ba a kuma sa mutum ya yi tafiyar gwaji, amma idanunsu a buɗe suke. Gani ya kori ji. Dalili na biyu ban faɗa a gaban 'yarsa ba: in a falo za a yi, tana gefensa, akwai tambayoyin da har abada ba zai amsa da gaskiya ba.

Muka nemi tafintan Hausa a cikin fom ɗin. Malam ya ɗan ji haushi, ya ce shekara ashirin yana aiki da Turawa. Na ce Turancin raba kaya daban, Turancin faɗin inda ke maka ciwo daban. Kotu ce ke kawo tafinta da kuɗinta, ba ta yarda ɗan'uwa ya yi.

Watannin jira

Ma'aikatar ta aiko da amsarta, tulin takardu masu lamba a kowane shafi. Wani lokaci a wannan tsakanin sukan bugo waya su ce sun sake shawara, su yi tayin wani mataki don ƙarar ta mutu. Ba su bugo wa Malam ba.

Aikin da muka yi ba mai yawa ba ne. Wasiƙar likitan unguwa da iyalin suka ɗora wa rai ba ta ce komai ba sai sunan ciwo da jerin magunguna, abin da babu wanda ya musa. Takardar da ta yi amfani tana cikin wata leda a saman firji: rahoton ma'aikaciyar lafiyar da ta zo gidan bayan an sallamo shi daga asibiti, ta sa aka kafa masa ƙarfen dafawa a banɗaki, ta kuma rubuta da hannunta cewa kada ya shiga bahon wanka shi kaɗai. Sai littafin makaranta da na ba maiɗakinsa, na ce ta riƙa rubuta abin da ta yi masa kowace rana har mako biyu, da Hausa, mu fassara. Sannan wata Asabar muka fita da shi da sandarsa, muka auna daga ƙofar gida zuwa katangar da yake dafawa ya huta. Mita 35 ne, ko kusa da haka.

Na ja masa kunne a kan abu ɗaya. Kotu halin da mutum yake ciki a ranar da aka yanke hukuncin farko take dubawa. Gwiwarsa ta dama ta fara ciwo bayan wannan rana, saboda nauyin da ya koma kanta, amma ba za a lissafa ta ba; mai son a duba sabon ciwo sai ya sake nema. Kotu kuma tana da ikon rage abin da aka riga aka ba mutum, bayan ta gargaɗe shi, sai dai wanda ba a ba shi komai ba babu abin da zai rasa.

Ranar farko da aka sa, tafinta bai samu zuwa ba, aka ɗage. Mako bakwai ya ƙaru a kan jira.

A cikin ɗakin

Babu hular gashi, babu akwatin tsayawa. Tebur ne, mutum uku a ɓangare ɗaya: alƙaliya a tsakiya, likita, da wani mutum mai ƙwarewa a kan rayuwar naƙasassu. Ma'aikatar tana iya turo wakili, ranar ba ta turo ba. Tafintan wani dattijo ne mai Hausar zango ta Gana, suka gaisa da Malam kamar sun san juna.

Tambayar farko ta likita ita ce yadda jikin yake a lokacin da aka hana shi. Malam ya ce, "Da sauƙi, ranka ya daɗe." Gabana ya faɗi. Tafinta ya fassara yadda aka faɗa, domin aikinsa ke nan. Amma a takardar da na shigar tun farko na yi sakin layi guda a kan wannan kalma, alƙaliya kuma ta karanta. Ta ce, sauƙi idan aka kwatanta da yaushe? Ya ce da ranar da aka kai shi asibiti bai san inda kansa yake ba. Daga nan ba su ƙara yi masa tambayar "kana iyawa" ba. Sai: ranar Talatar da ta wuce wa ya sa maka safa? In ka riƙe albasa da hagu, me ke faruwa? Yaushe rabonka da ɗaga tukunya? Ya ce tun ranar da ruwan zafi ya zube masa a ƙafa, ya nuna wurin. Likita ya tambayi nisan katangar nan da tsawon motar bas, tunda kowace ta kai mita goma ko fiye kaɗan. Malam tsohon direba ne, nan take ya ce uku da 'yan kai. Aka tambaye shi yadda ya zo yau, ya ce tasi ta sauke shi a ƙofa, ya zauna sau ɗaya kafin ya kai lif. Mutum na ukun ya ce sun lura ya daɗe kafin ya cire rigar sanyinsa, ko haka yake kullum? Ƙa'ida ce in sun ga abu su faɗa wa mai ƙara, ya samu damar magana a kai.

Da aka zo banɗaki, Malam ya sunkuyar da kai. Na roƙi alƙaliya a bar 'yarsa ta jira a waje, ta amince. Ko bayan fitarta sai da ya yi shiru mai tsawo. Sannan ya faɗa, yana kallon tafinta, ba ya kallon kowa a cikinmu: da hagu ake tsarki, hagun kuma ita ce ta mutu. Buta ta gagare shi, sai da aka sa masa mesar ruwa. Ba ya iya tashi sai ya kama ƙarfe. Ran da jiki ya ƙi, sai ya kira maiɗakinsa. Sau nawa a mako? Ya ce ɗaya, wani lokaci biyu. A dokar, tsaftace jiki bayan biyan buƙata yana cikin aikin da ake aunawa, amma a rahoton farko sifili aka ba shi, domin ya ce babu matsala.

Zaman ya ɗauki awa ɗaya da 'yan mintoci. Aka ce mu jira a waje, aka kira mu, aka miƙo takarda. Girki maki 4, domin yana buƙatar mai taimako. Wanka 3, saboda shiga baho da fita. Sa tufa 2, na ƙasan jiki. Banɗaki 2, na kayan taimako. Da taimakon mutum ya kai yawancin ranaku da 4 ne, amma ɗaya ko biyu a mako bai kai rabi ba, kuma daidai suka yi. Jimla 11. Tafiya maki 10, na wanda ke iya wuce mita 20 da sanda amma ba ya wuce 50. Ƙaramin mataki a duka ɓangarorin biyu, na shekara uku. A farashin shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025, fam 72.65 ne da fam 28.70, wato fam 101.35 a mako, kuma biyan yana komawa baya har ranar da ya fara nema, wata goma sha huɗu da suka wuce.

Maki ɗaya ya rage ya kai babban mataki na hidimar kai, wanda a lokacin fam 108.55 ne, kuma ina ganin laifina ne. A ɓangaren cin abinci akwai maki 2 ga wanda sai an yanka masa abinci. Da aka tambaye shi, ya ce tuwo yake ci da hannun dama, lafiya lau. Aka wuce, ni ma ban tanka ba. Sai a cikin tasi maiɗakinsa ta ce ai nama da doya ita ke yayyanka masa tun a kicin, ba ta rubuta a littafin ba don ba ta ɗauke shi aiki ba. Ban taɓa tambayarta ba.

Na nemi kotu ta rubuto cikakkun dalilanta, abin da ake da wata ɗaya a nema. Kotun sama ba ta sake sauraron labari, kuskuren doka kawai take dubawa, ni kuwa da na karanta dalilan ban ga inda suka kauce ba: sun yi tambaya, an ba su amsa, sun yi hukunci da ita. Na kai wa wata lauya mai taimaka mana ta duba, ta ce ko da za a iya ja, ƙarar ba ta da ƙarfi, kuma in aka rushe hukuncin sabon zama za a yi daga farko, sha ɗayan ma ba ta da tabbas. Na mayar wa Malam yadda ta faɗa. Ya ce ba zai sake zama a gaban mutane ya yi maganar banɗaki ba ko nawa ne.

Kuɗin baya, kusa da fam 6,000, sun shiga asusunsa bayan mako biyar. Da su aka cire bahon aka sa shawa mai kujera. Kafin shekara ukun ta cika fom ɗin sabuntawa zai zo, gwiwar dama za ta shiga lissafi a lokacin. Maiɗakinsa ta sayi sabon littafi, a shafin farko ta rubuta nama da doya.